Tsohuwar bindigar soja: a mayar da ita ta harbin zomo ko a bar ta yadda take?

Dan_Manitoba:
Assalamu alaikum maharba da masu sha'awar harkar. Shawara nake nema. A Kanada nake zaune, ina da lasisin mallakar bindiga na nan ƙasar, kuma kwanan nan na sayi tsohuwar bindigar soja samfurin Lee-Enfield No. 4 a gwanjon kayan wani manomi. Ƙirar masana'antar Long Branch ce ta gefen Toronto, an buga 1943 a jikinta. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya riga ya datse katakon gaba ya gajarta shi, amma bai taɓa ƙarfen ba. Ni kuma farautata ba ta wuce zomo da wani tsuntsu na nan mai kama da fakara ba, harsashin .303 da take ci kuwa ya yi musu yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke raina shi ne in kai ta wurin maƙerin bindiga mai lasisi ya mayar da ita mai cin ƙaramin harsashi, a sassaƙa mata sabon katako daidai kafaɗata, a ɗora mata madubin saiti mai kawo nesa kusa. Akwai wanda ya taɓa yi ko ya ga an yi? Kuma a ganinku gyara ne ko ɓarna?

Tsohon_Kofur:
Wa alaikumus salam. Ɗana, don girman Allah kada ka taɓa ta. Irin wannan bindigar mazan jiya suka rataya suka tafi yaƙin Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma, cike suke da 'ya'yan Kano da Sakkwato da Bauci da Barno, kuma da Lee-Enfield suka shiga dazukan Kaladan da Arakan a 1944. Da yawansu ba su dawo ba. Mu da muka zo daga baya mun tarar da ita a hannun 'yan sanda ana ce mata Mark 4. Ka ce za ka fafe cikinta don zomo? Raina bai kwanta ba.

Bakano_a_Sidni:
Baba Kofur, Allah ya ƙara girma. Ƙarin bayani kaɗan: a fagen Bama tsohuwar samfurin, wato No. 1 Mk III wadda aka fara a 1907, ta yi yawa ƙwarai, domin masana'antar Ishapore ta Indiya da ta Lithgow ta nan Ostareliya ba su koma ƙera No. 4 ba, tsohuwar suka ci gaba da yi. Amma dai gida ɗaya ne, harsashi ɗaya, maganarka tana nan.

Sai dai abin da Dan_Manitoba yake son yi ba baƙon abu ba ne. A nan ƙasar kusan al'ada ce. Zomo annoba ne a Ostareliya tun da Thomas Austin ya saki guda 24 a gonarsa a jihar Victoria a 1859, suka hayayyafa har suka cinye makiyaya. Bayan yaƙin duniya na biyu bindigogin soja sun yi arha, ga manoma na neman abin harbin zomo da dila, ga shi a ƙarshen shekarun 1940 jihar New South Wales ta taƙaita wa farar hula riƙe bindiga mai cin harsashin soja. Sai maƙera suka riƙa matse bakin kwanson .303 suna sa masa ƙaramin kai, daga nan .303/25 da .303/22 suka yaɗu. Ita kanta Lithgow ta ƙera wa kamfanin Slazenger bindiga mai cin .22 Hornet, wani ƙaramin harsashi da ya fi .22 na gama-gari ƙarfi, a kan jikin Lee-Enfield. Har yau idan ka shiga shagon bindiga na ƙauye za ka gan su jingine.

Dan_Makera:
Ni ɗan gidan ƙira ne, kuma a wurinmu ƙarfe ba ya mutuwa. Tsohuwar galma ake mayarwa wuta a fitar da lauje, ba wanda ya ce an ci mutuncin galma. Bindigar da ta gama aikin kashe mutane ta koma ciyar da iyali, ni ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da nake ƙi shi ne aikin ganganci, mutum ya ɗauko zarto a bayan gida ya yi mata kaca-kaca. In za a yi, gwani ya yi.

Barista_Kd:
Kafin zancen ya yi nisa, bari in ja hankalin waɗanda ke karantawa daga gida. Mai tambaya a Kanada yake, dokar can daban. A Nijeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Kashi na farko haramtattu ne sai da iznin Shugaban Ƙasa, kuma a ciki an ambaci bindigar soja mai cin harsashin .303 ƙarara, tare da 7.62 da 9 milimita da .300. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Na uku su ne na ɗuri ta baki, irin bindigar toka, su kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙerawa ko gyarawa ba tare da izni ba laifi ne mai zaman kansa. Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan a kayan gado, ya sanar da hukuma, kada ya nufi maƙera da ita yana cewa ai zai mayar da ita ta zomo. Canza mata harsashi ba ya wanke yadda aka same ta.

Ummu_Sadiq:
Gaskiya ni hankalina bai kwanta da wannan hirar ba. Mutanenmu a Zamfara da Katsina ba sa iya barci saboda 'yan bindiga, mu kuma muna nan muna zancen yadda ake gyara bindiga.

Mai_Kula_da_Zaure:
Hajiya, damuwarki a kan hanya take, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Za a bar hirar ta ci gaba bisa sharaɗi: tarihi da shawara da doka, e. Awo da matakan yadda ake yin aikin da hannu, a'a, duk wanda ya sa zan goge. Aikin na maƙeri mai lasisi ne a ƙasar da doka ta yarda.

Injiniya_Leeds:
To bari in faɗi abin da ya sa aikin ya fi yadda ake zato wuya, ba tare da na saɓa sharaɗin ba.

Harsashin .303 na soja kansa ya haura giram 11, yana fita da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa. Na .22 ɗan ƙarami da ake harbin zomo da shi giram 2.6 ne kacal. Ita bindigar gaba ɗaya, daga sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, zuwa gidan harsashi mai cin goma, an auna ta ne a kan babban. Ga kuma bambanci na biyu: .303 a tsakiyar gindinsa allura ke dukansa, shi kuwa .22 a gefen gindi. Ke nan ba bututu kaɗai za a canza ba, har da kan sakatar. Gidan harsashin ma ba zai iya turo ƙaramin ba, shi ya sa yawancin waɗanda aka mayar suke komawa masu cin ɗaya-ɗaya, ka ɗura da yatsa, ka harba, ka sake ɗurawa.

Sojan Ingila da kansu sun yi wannan aikin don koyar da kurata harbi da araha. Sun mayar da tsofaffin No. 1 zuwa .22 suka kira su No. 2 Mk IV, daga baya aka yi No. 8 da No. 9. Kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya yi suna wajen zura siririn bututu a cikin tsohon. A nan Ingila kuma duk bindigar da aka canza wa bututu sai ta je gidan gwaji na Landan ko na Birmingham an buga mata hatimi kafin a sayar da ita. Na Birmingham tun 1813 yake aiki.

Abin da zai ba ka sha'awa, Dan_Manitoba: ita Long Branch ɗin da ta ƙera taka ta ƙera ta .22 tun daga tushe, sunanta C No. 7, daga 1944. Kamanninsu ɗaya da taka. In kana son jin Lee-Enfield a kafaɗa kana harbin zomo, ita ce amsar, sai dai masu tara kayan tarihi sun sa ta yi tsada.

Sarkin_Baka_Ningi:
Ku yi haƙuri, ni ba ɗan boko ba ne, yarona ke rubuta mini. Tambaya ɗaya: nauyinta nawa? Domin farautar zomo da fakara tafiya ce, tun hantsi har la'asar kana ratsa ƙaya. Bindigar da za ta gajiyar da hannunka kafin ka ga nama, ko da zinariya aka yi ta ba ta da amfani.

Injiniya_Leeds:
Ranka ya daɗe Sarkin Baka, a cikakkiyar siffarta ta ɗan haura kilo 4. In aka zura siririn bututu a cikin na asali nauyin ƙaruwa ma yake yi, tunda ramin ya ragu ƙarfe ya ƙaru. Ga madubi a kai.

Sarkin_Baka_Ningi:
To ka ji. Ni dai da a ba ni wannan gara a bar ni da 'yar ƙaramata.

Alhaji_Texas:
Ni na ga ƙarshen wannan hanyar a Amurka, bari in ba ku labari. Daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa 1968, lokacin da doka ta hana shigo da rarar bindigogin soja, an jibge Mauser da Enfield da Springfield a shaguna kamar ba a so. Kowa ya saya ya datse. Wasu sun yi kyau matuƙa, musamman aikin kamfanin Griffin & Howe na New York da aka kafa a 1923. Tun kafin nan ma, Shugaba Theodore Roosevelt da Springfield 1903 da aka gyara masa ya tafi farauta Gabashin Afirka a 1909. Shi kansa harsashin .22 Hornet da ake ta ambata, ma'aikatan masana'antar soja ta Springfield, su Townsend Whelen, su suka raine shi a shekarun 1920 a kan bindigar koyon harbi ta soja, kafin Winchester ta fara sayar da shi a 1930. Saboda haka asalin abin mai daraja ne.

Amma je ka kasuwar bindiga yau. Wadda aka bari da katakonta da lambobinta masu dacewa da juna tana ninka wadda aka datse a kuɗi. Waɗanda aka yi wa aikin bayan gida kuwa suna nan jere ba mai tayawa. Kuɗin da za ka ba maƙeri na bututu da sakata da katako da madubi zai saya maka sabuwar CZ ko Savage ta .22 har ka dawo da canji, kuma ta fi sauƙin ɗauka, ta fi saiti. Ran da ka tashi sayar da wadda ka gyara ba za ka mayar da kuɗinka ba.

Dan_Manitoba:
Na gode ƙwarai. Alhaji, maganar kuɗi gaskiya ce, a nan ma tsohuwar bindigar Cooey ta .22, ƙirar Kanada, ba ta da tsada, kusan kowane gidan gona akwai ta. Amma ba riba nake nema ba. Ina son bindigar da aka yi domina, kuma sakatar Enfield tana da santsin da ban ji a wata ba. Baba Kofur, ka lura an riga an datse katakon tun kafin ta zo hannuna. Da cikakkiya ce wallahi ba zan ko yi tunanin ba.

Tsohon_Kofur:
Katako ai ana samun wani, ɗana. Ƙarfe ne in an huda shi an huda ke nan. Tunda ka ce ba a taɓa ƙarfen ba, to ba ta mutu ba, tufafinta kawai aka cire. Ka nemo mata nata ka mayar.

Bakano_a_Sidni:
Nan Baba ya kama gaskiya. Masu wannan harka suna raba su biyu: wadda aka yanke wa katako kawai, da wadda aka gajarta wa bututu ko aka huda jikinta don ɗora madubi. Ta farko ana iya dawo da ita, ta biyu ta riga ta tafi, ita ce ya kamata mai son gyara ya nema. In da ni ne, ƙaramar Martini Cadet zan nema wadda aka riga aka taɓa. An yi ta ne don horar da 'yan makaranta a nan, mai cin .310, nauyinta wajen kilo 3, kuma dubbai aka mayar .22 Hornet da .218 Bee. Tun asali jikinta na ƙaramin harsashi ne, ba sai an yi kokawa da ita ba.

DanMaradi_Lyon:
Salamu alaikum. Mu nan Faransa dole ce ta sa aka yi ta yi, ba sha'awa ba. Kafin gyaran doka na 2013, duk bindigar da ke cin harsashin soja ana lissafa ta cikin kayan yaƙi, ko da maharbi ne ke riƙe da ita. Sai mutane suka riƙa kai Mauser a sauya ta zuwa 8x60 ko 8x64, bindigar sojan Faransa MAS 36 kuma zuwa 7x54, don su samu damar fita daji da ita. Jamusawa ma haka suka yi bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919, daga nan 8x60 ɗin ya fito. Da doka ta sassauta, sai ga masu tarawa suna cizon yatsa, don waɗanda suka tsira ba a taɓa su ba sun yi ƙaranci. Ina goyon bayan Baba Kofur.

Maman_Hanifa:
Ni ta wajen tukunya zan yi magana, don ni ke gyara abin da maigida ya kawo. Duk wanda ke ce muku Hornet na zomo ne, ya zo ya feɗe. In ya samu zomo a jiki, rabin naman zubarwa ake yi, ga ɓarɓashin dalma a cikin sauran. Ina da ƙananan yara, dalma kuma guba ce gare su ko kaɗan ce. Jihar Kalifoniya tun 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya. In don nama ne, ƙaramin .22 a kai, shi ke nan.

Abu_Yusra:
Tunda an zo maganar nama, Malamai, ya hukuncin zomon da harsashi ya kashe kafin a kai gare shi a yanka?

Malam_na_Zage:
Malamanmu na Malikiyya na baya, bayan bindiga ta bayyana, sun tafi a kan halaccin cin abin da aka harba da harsashi, domin yana hudawa ya zubar da jini, ba kamar dutse ko sanda da ke kashewa da nauyi ba. Sharaɗi shi ne a ambaci sunan Allah lokacin harbi da niyyar farauta, kuma in ka tarar da shi da sauran rai tabbatacce ka yanka shi. In ka yi sakaci har ya mutu alhali kana da ikon yankawa, ba a ci. Wallahu a'alam. Wannan ma dalili ne na neman bindiga mai saiti, don kada a azabtar da dabba.

Injiniya_Leeds:
Mu dawo kan tambayar. Ko gyara za ka yi ko mayarwa, matakin farko ɗaya ne: kada ka harba ta sai maƙeri ya duba. Tsofaffin harsasan soja suna barin wani gishiri a cikin bututu, in ba a wanke da ruwa ba tsatsa ta cinye zaren ciki. Sannan a auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, don in ta yi yawa kwanso na iya tsagewa iska mai zafi ta dawo fuska. A No. 4 kan sakatar yana da lamba daga 0 zuwa 3 saboda daidaita wannan tazarar. Tsufa ba wasa ba ne. A Amurka har yau ana gargaɗi kan Springfield 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 saboda yadda aka gasa ƙarfensu, wasu sun fashe a hannun masu su.

Abin da maƙerin ya gani shi zai raba gardama. In cikin bututun ya lalace, hujjar masu cewa a bar ta ta yi rauni. In yana sheƙi, ni ma ba zan so a taɓa shi ba.

Dan_Makera:
To ai Injiniya ka dawo kan maganata. In bututun ya mutu, me za a adana? Kuma ku masu cewa tarihi, miliyoyi aka ƙera, ba guda goma ba. Gidajen tarihi cike suke da su.

Alhaji_Texas:
Haka mutanen 1960 suka ce, Malam, miliyoyi ne. Ga shi yau ana neman cikakkiya da fitila.

Yar_Yellowknife:
Yaya Dan_Manitoba, a matsayina na wadda ke zaune can arewa, kada ka raina ta a yadda take. Dakarun sa-kai na Canadian Rangers da No. 4 suka yi aiki tun 1947, sai a 2018 aka fara sauya musu da sabuwar bindiga C19. Sun daɗe da No. 4 ɗin ne saboda sanyin da ke daskarar da wasu bindigogi ita ba ya hana ta aiki. Mutanen nan da .303 suke cika firji da naman manyan dabbobi. Wata rana za ka so fita farautar barewar nan, ka ga kana da abin fita. Akwai kuma mazaunin madubi da ake ɗaurawa a gurbin saitin baya ba tare da an huda komai ba. Sannan ka duba littafin dokokin farauta na lardinka kafin ka zaɓi harsashi, don kowane lardi da irin abin da ya yarda a harbi tsuntsu da shi.

Sarkin_Baka_Ningi:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Ƙaramin harsashin nan da kuke rainawa yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi in bai samu abin da ya tare shi ba. Zomo a ƙasa yake, da sauƙi. Tsuntsu a kan reshe kuwa, in ka ɗaga baki sama ka kuskure, ba ka san kan wa zai sauka ba. Mu a nan tsuntsu da mai watsa ƙwaya muke harbinsa.

Bakano_a_Sidni:
Ranka ya daɗe, har wannan an yi da Enfield. Ishapore ta mayar da masu yawa zuwa .410 mai cin ɗaya don 'yan sanda da masu gadi a Indiya, a nan ma an yi wa manoma irinta. Sai dai nauyin da ka yi ƙorafi a kai yana nan.

Dan_Manitoba:
Na kai ta wurin maƙerin. Ya ce tazarar sakata lafiya lau, zaren cikin bututu ya ɗan dushe wajen baki amma yana da sauran rai. Ya ce zai iya aikin .22 ɗin in na nace, amma shi da kansa ya ce in fara neman wata da aka riga aka huda, yana ma da guda biyu a shagonsa da ba mai so. Yanzu ina tsakanin in ɗauki ɗaya daga cikinsu a yi mini aikin a kanta, ko in sayi Cooey in huta. Ita wannan dai na fasa taɓa ƙarfenta a yanzu.

Dan_Makera:
Ɗauki ɗaya daga biyun nan a yi maka. Ka zaɓi itacen da kanka, kuma ka tsaya a auna tsawon hannunka kafin a sassaƙa.

Alhaji_Texas:
Cooey. Sauran kuɗin ka sa a madubi mai kyau.

Tsohon_Kofur:
Alhamdu lillahi. In za ka nemo mata katako, ka nemi na Long Branch, kada a haɗa mata da na wata masana'anta launi ya saɓa. Kuma duba mana, lambar da ke jikin sakatar ta yi daidai da ta jikin bindigar?

Dan_Manitoba:
Ta yi daidai, Baba. Na gidan harsashin ne babu lamba ko kaɗan. Akwai wanda ya san ko haka suke fitowa daga masana'anta, ko canza shi aka yi?